Abin da Ya Kayar da Keken Sanda

Ranar wata Juma'a cikin daminar 1975, 'yan katakon Kawo suka sauko daga masallaci suka tarar da Audi kwance a ƙarƙashin kaya, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Abin da ya danne shi kuwa keken ƙaninsa ne, Sanda.

Wanda bai ga keken nan ba sai in gaya masa yadda yake. Sanda ya ƙera shi da hannunsa. Kamar tsani biyu ne aka jingina da juna, hawa huɗu kowane gefe, a jera katako a kan hawan, a ƙasa kuma tayoyin baro huɗu. In hadari ya taso, mutum biyu su tura shi cikin rumfa, shi ke nan. In gari ya washe su turo shi bakin hanya mai saye ya gani. Sauran 'yan layin a ƙasa suke jera nasu. Ruwa na saukowa sai ka gan su suna gudu da katako ɗaya-ɗaya a ka, Sanda na zaune yana cin goro yana kallonsu. Har wani ma'aikacin gwamnati ya zo da mota ya ce a ƙera wa ofishinsu guda shida. Saboda haka babu mai ƙaunar keken nan a layin, ko mutum ɗaya.

Ni sunana Labaran. Farauta na tashi da ita a dajin Katabu, na daɗe ina bi wa Fulani sawun shanun sata, daga baya na koma gadin kaya a tashar Kawo. Mota ɗaya ta kawo ni Kaduna ni da Sanda. Shi ya gina gidan siminti a Badarawa, ni ina ɗakin haya. Matarsa Sa'adiya da ke cikin gidan nasa ma, ni na fara kai goro gidansu. Na faɗi wannan ne don a san da wace zuciya na je wurin.

Da kansa ya zo tasha ya kira ni, rigar Juma'arsa duk laka.

"Labaran, hannu aka sa wa kekena. Zo ka duba mini ƙasa."

"Ko kuwa keken ne ya gaji da fahariya ya kwanta?"

"Ba ranar wasa ba ce. Yaya Audi yana wurin mai ɗori."

Da muka isa, layin ya cika. Alhaji Ahmadu, shugaban 'yan katako, yana tsaye a tsakiya, kowa yana zuba masa magana. Wannan ya ce tun ran farko ya san abin nan sai ya ci mutum. Wancan ya ce katako ba a yi shi don yawo ba. Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ba na son 'yan doka a layin nan," in ji shi. "Gobe bayan la'asar zan yanke. In keke ne ya faɗi don kansa, za a ƙone shi, Sanda ya bar mana layi. In hannu ne, mai hannun ya bar layi. Labaran, kana da daga yanzu zuwa lokacin."

Keken ya faɗi ne a ɗan filin da ke tsakanin rumfar Sanda da shingen kwano. An yi ruwa da safe, ya ɗauke da hantsi, ƙasa ta yi laushi. Amma ƙafa ta fi arba'in da ta tattake wurin wajen ciro Audi. Na kori kowa, na fara daga gefe, inda masu taimako ba su kai ba.

Can kusa da shinge na ga layuka a ƙasa, dogaye, miƙaƙƙu, ɗaya kusa da ɗaya. Na ƙirga tara. Katakon da ya faɗi ba ya kwanciya a jere. Wani ne ya sauke su da hannu ya ajiye a hankali, daga baya ya ɗauke. A jikin kwanon kuma, sama da kaina, akwai loɓa da jan zane.

Na ce wa Sanda, "Wane katako ne ja?"

"Maɗaci."

"A wane hawa kake sa shi?"

"Ƙasa. Kullum ƙasa. Shi ne mai nauyi, shi ke riƙe keken. Farin katako ke hawa sama."

"To maɗacinka ya daki kwano daga sama. Abin da ke ƙasa ba ya tashi ya kai nan."

Ya tsaya yana kallon loɓar, bakinsa a buɗe. Ni kuma na ci gaba, na sami sawun wani takalmin taya mai gyaran diddige, ya tsaya gefen keken ya daɗe. Sanda na ganin sawun ya ce, "Balarabe." Balarabe shi ne mai rumfar da ke fuskantar tasa. Na ce ya riƙe bakinsa. Na sa aka rufe filin da tamfol saboda ruwa.

Tsallaken titi akwai Indo mai tuwo. Ita ba ta zuwa Juma'a, idonta kuma bai taɓa hutawa ba.

"Indo, wa ya rage a layi da aka tafi masallaci?"

"Sai ka sayi tuwo tukuna, Labaran. Bakina ba na sadaka ba ne."

Na saya.

"Balarabe ne ya fita ƙarshe," ta ce. "Sai da kowa ya tafi sannan ya fito, kuma ba hanyar masallacinku ya bi ba, sama ya yi."

"Sai me?"

"Sai na riƙa jin ana ajiye katako. Ba faɗuwa ba, ajiyewa. Ya kai tsawon dahuwar miya. Na ce oho, Sanda ya fara tsallake salla saboda neman duniya. Daga baya na ji rugugi."

"Kin ga shigar Audi?"

"Ban gani ba. Amma ina tuƙi, bayana na ba titi. Wa ya sani."

"Kin ji ihu?"

Ta ɗan yi tunani. "Ka ga abin mamaki, ban ji ba. Sai da mutane suka dawo."

Balarabe na same shi yana goge zarto. Dogo ne, siriri, bakinsa kamar kullum ya ɗanɗani wani abu mai ɗaci.

"Na san abin da ya kawo ka," ya ce. "Abokinka ya ce ni ne."

"Ba abokina ba ne. Ɗan garinmu ne. Me ya kai ka gefen kekensa?"

"Kullum sai na je."

"Yin me?"

"Kallo. Ina duba ko ya fara tsagewa." Bai ko ji kunya ba. "Shekara goma sha ɗaya ina nan kafin ya zo. Yanzu mai saye sai ya jingina kekensa da rumfata ya tsallaka wurin Sanda. Ka ce in yi masa addu'a?"

"Ina ka yi Juma'a?"

"Badarawa."

"Ga masallaci kusa?"

"Ba na son sahu ya haɗa kafaɗata da tasa. Sallata lalacewa take yi."

Na kusa yin dariya, domin na san irin wannan sallar. Na koma na ɗaga tamfol na sake duba sawunsa da kyau, har na durƙusa. Cikin sawun akwai ƙananan ramuka na ɗigon ruwan sama. Tun kafin ruwa ya ɗauke ya taka wurin, wato da safe. Layukan katakon kuwa sumul suke, ba ɗigo ko ɗaya. Balarabe mugun fata gare shi, amma ba shi ya sauke kayan ba.

Ban gaya wa Sanda ba. Na bar shi ya kwana da zarginsa.

Asabar da safe na ce a tayar da keken a gwada. Taya ɗaya ta lanƙwashe, Sanda ya canza. Na ce ya loda yadda ya saba. Ya sa maɗaci ƙasa, farin katako sama, gefe biyu daidai. Na tuɓe riga na sa kafaɗa na tura daga gefe. Ban tura don gwaji ba, na tura ne da duk abin da ke cikina na shekara ashirin, ina so in ga ya ci ƙasa a gaban mutane. Ya girgiza ya tsaya. Na sake. Ko ɗaga taya bai yi ba.

Sai na kira 'yan katako biyu daga cikin masu kallo na ce su sauke gefe ɗaya su mayar, ban gaya musu yadda za su yi ba. Suka fara da farin katako a ƙasa, suna ta hawa, maɗaci ya zo ƙarshe. Kafin su ɗora na uku a hawan sama, tayoyin ɗaya gefen suka bar ƙasa. Da ba a riƙe ba da an sake kiran mai ɗori.

"Wa ya ce ku sa maɗaci sama?" na tambaye su.

"Haka ake yi mana," in ji ɗaya. "Wa zai sa maɗaci ƙasa gara da laima su ci? Na banza ake shimfiɗawa, mai tsada ya hau sama."

Haka kowa ke yi a layin, domin a ƙasa suke jerawa. Hannu ne ya saba, ba sai an yi tunani ba. Ɓarawo ba ya sauke kaya ya mayar. Ɗan katako ne, kuma tsohon hannu, ya yi cikin gaggawa.

Na ja Sanda gefe na ce, "Kada ka yi murna. Abin da mutum ɗaya kaɗai ya san yadda ake loda shi, tarko ne. Gindinsa ya yi ƙunci. Ka ƙera abin kashe mutane ka sa masa taya."

"Amma ba don kansa ya faɗi ba."

"Ba don kansa ba."

Daga nan na tafi gidan Audi gaisuwa. Yana kwance a zaure, an ɗaure ƙafar da karare. Mutum ne mai furfura, wanda ya ba Sanda shekara goma sha biyu, shi ya fara kawo sana'ar katako gidansu.

"Sannu, Malam Audi. Allah ya kiyaye gaba."

"Amin. Ka ga abin da wayon yaran zamani ya jawo mini."

"Yaya aka yi?"

"Na riga mutane fitowa daga masallaci, cikina ya murɗa. Na bi ta gefen abin nan, na ɗan dafa shi, sai na ji shi a kaina."

"Ba ka ga kowa ba?"

"Ban gani ba."

"Indo ta ce ba ta ji ka yi ihu ba."

"Namiji ne ni," ya ce, ya juya fuska bango.

Na fito ina juya maganar. Na ga maza a daji da suka fi shi taurin rai, tarko ya kama su, sun kira uwarsu. Mutumin da katako ya karya, yana jin mata na tuƙa tuwo tsallaken titi, ya yi shiru ya jira. Na koma filin.

Wannan karon na nemi daidai inda ya kwanta. Masu ciro shi sun tattake wajen ƙafafu, amma wajen kai, kusa da shinge, ba wanda ya shiga saboda matsi. Ga ramin kafaɗarsa. Ga inda gwiwar hannunsa ta nutse. Daga nan kuma sai ga shafar hannu a laka, doguwa, ta miƙe har gindin kwano, yatsu huɗu a fili. Wanda ke son fitar da ƙafarsa baya yake turawa. Wannan gaba ya miƙa, yana tura wani abu ta ƙarƙashin shinge.

Na zagaya bayan kwanon. Cikin ciyawa, daidai wurin, na tsinci wani siririn katako, tsawonsa ya kai tsayina, an yi masa tsaga da wuƙa wuri bakwai. Tsagar sabuwa ce, fara tas. Na kai shi jikin keken lokacin da ba kowa kusa. Tsaga ta farko faɗin gindi. Ta biyu tsakanin taya da taya. Huɗu hawa-hawa, ta ƙarshe tsawon keken. Ko ɗaya ba ta kuskure ba.

Duk layin da tef suke awo, su rubuta da fensir. Mutum ɗaya ne ya ƙi tef, ya ce ƙarya yake yi in ya ji zafin rana.

Na zauna a bayan shingen na daɗe. In na jefa katakon nan cikin kwata, ba mai hannu. Alhaji ba zai kori Balarabe babu shaida ba, kuma mutane sun gani da idonsu yadda keken ke ɗaga taya. Da magariba za a cinna masa wuta, Sanda ya kwashe kayansa, motar gwamnati ta daina zuwa. Na ga hayaƙin a raina, kuma ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Abin da ya tayar da ni ba tausayin Sanda ba ne. Tunda nake ban taɓa karanta ƙasa na faɗi abin da ba ta ce ba. Wannan kaɗai nake da shi wanda Sanda ba shi da shi.

Bayan la'asar aka taru a zauren Audi, tunda shi ba ya iya fitowa. Alhaji Ahmadu a kan kujera, Sanda a bakin ƙofa, Balarabe can lungu, sauran sun cika waje.

Sanda bai jira ba. "Alhaji, an gani da safe. Sauke kaya aka yi aka mayar a juye. Kuma ga mai sawun nan zaune."

"Ka kira sunana mana in ka isa," in ji Balarabe.

Na ce, "Balarabe da safe ya je, ruwa ya zuba a kan sawunsa. Kallo ya yi, kamar yadda yake yi kullum. In za a kori mutum don baƙin ciki, sai a rufe layin gaba ɗaya, a haɗa da ni."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai.

"To wa?" in ji Alhaji.

Na ciro siririn katakon daga inda na jingina shi a waje, na ajiye shi a tabarma gefen Audi. Alhaji ya ɗauka ya shafa tsagar da ɗan yatsa, ya ajiye a hankali.

"A ina ka samo?"

"Bayan shinge, inda hannun Malam Audi ya tura shi yana kwance. Awon keken ne, daga gindi har sama. Bai je Juma'a ba. Ya sauke gefe ɗaya don ya kai ga ƙashin keken ya auna, ya ji lokaci na ƙurewa, ya mayar yadda hannunsa ya saba. Maɗacin ƙarshe ne ya jawo shi kansa."

Sanda ya ce, "Ƙarya ne." Amma ba ni yake kallo ba.

Audi ya ce, "Bakwai na auna. Saura ɗaya, kaurin gatarin taya."

"Yaya," in ji Sanda. "Da ka tambaye ni. Wallahi da na ƙera maka da hannuna."

"In tambaye ka?" Audi ya ɗago a kan gwiwar hannu. "Ni na koya maka riƙe zarto. Ni na ɗauko ka daga Katabu ba ka san maɗaci da ɗorawa ba. Ran da mutumin gwamnatin nan ya zo, a gaban rumfata ya tsayar da mota. Na tashi na gyara hula. Ya ce, 'Baba, ina maigidan naka?' Kana jin sa. Dariya ka yi."

"Ban yi dariya ba."

"Ka yi. Na ga haƙoranka."

"Shi ya sa ka bari za a ƙone mini keke a kore ni?"

"Da an ƙone, da na ƙera nawa," in ji Audi. "Mai faɗin gindi. Naka ya yi ƙunci, tun ran farko na gani."

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya ce keken ba zai sake fita ba sai an faɗaɗa gindinsa, an kuma shafa jan fenti a hawan ƙasa don kowa ya san wurin maɗaci. Sannan ya ce abin da ya faɗa jiya a gaban jama'a ba zai lashe shi ba, mai hannu zai bar layi.

Sanda ya durƙusa. "Alhaji, ni aka yi wa, na yafe. A bar masa rumfarsa. Ƙafar ma ta isa."

Alhaji ya fara sassautowa, na gani a fuskarsa. Audi ne ya katse.

"Tashi. Kada ka roƙa mini. In zauna a layin nan kowa yana cewa albarkacin Sanda nake ci? Alhaji, ka riga ka yanke. A ba wani rumfar."

Haka aka yi. Da ƙafar ta haɗu, ta haɗu gajera. Ya kwashe iyalinsa ya koma Katabu, duk abin da Sanda ya aika masa sai ya dawo da shi.

Amma tun a ranar, da muka fito daga zauren, Sanda ya tare ni a lungu. Na zaci godiya zai yi. Idonsa ya yi ja.

"Labaran, ka san uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Da ka zo ka gaya mini ni kaɗai."

"Da ka yi yaya? Ka bari a kori Balarabe?"

Ban jira amsarsa ba.

"Ko ka bari a ƙone keken?"

Sanda ya ce, "Ni Balarabe na ce ka nemo mini."

"A'a," na ce. "Cewa ka yi in duba maka ƙasa."

Ya wuce bai yi mini sallama ba. Kekuna shidan nan ya ƙera su, ya ƙara wasu. Ni kuwa har yau in mun haɗu a tasha, sai ya tsallaka titi.